Ina Aji Uku a Jami'a, Baffana Ya Ce In Ajiye Karatu In Kama Fataucin Albasa

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a nan Sakkwato, shekaruna 24, kuma na shiga aji uku a sashen kimiyyar sinadarai. Likitanci na nema, aka ba ni wannan fannin, na karɓa don kada in zauna a gida. Bara Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Gonarmu tana gabashin jihar, shekara biyu ke nan ba a noma ta ba saboda 'yan bindiga, don haka mahaifiyata da ƙannena huɗu suka dawo cikin gari wurin baffana. Jimillar sakamakona 2.20 ne, ina da kari-oba biyu, wato kwasakwasan da na faɗi zan maimaita, an kusa rufe rajista kuma ban biya ba. Baffana yana fataucin albasa zuwa Legas da Anacha, ya ce in ajiye karatun in zo in riƙe masa lissafi. Da na yi masa maganar digiri sai ya ce: "Boko ɗin ga, mi yat tsinana ma waɗanda sunka ƙare? Ba ga su nan suna kabu-kabu ba?" Mahaifiyata ba ta ce komai ba. Yau mako uku ban shiga aji ba, kuma babu wanda ya neme ni. Malam, in bari ko in ci gaba?

Ɗalibinka daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai ina yi maka ta'aziyyar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk da nauyin abubuwan da ka lissafa, inda na fi tsayawa shi ne jimlar nan ta kusa da ƙarshe, wato mako uku ba ka shiga aji ba kuma babu wanda ya neme ka. Na yi shekaru ina koyarwa a babbar makaranta, kuma ban tuna ɗalibai biyar da suka zo ofis suka yi mini sallama suka ce sun bar karatu ba. Yadda abin yake faruwa shi ne mutum ya fashi laccar safe saboda babu kuɗin mota, mako mai zuwa ya fashi gwaji, daga nan sai kunyar komawa ta kama shi domin bai san inda aka kai ba. Mu kuma malamai ba ma lura sai ƙarshen zango, ranar da muke cike takardar maki, a zo kan wata lamba a ga gurbin gwaji fayau, gurbin jarrabawa fayau, a rubuta cewa bai halarta ba, a wuce zuwa lamba ta gaba. A ajin da yake da mutum ɗari uku, wannan layi ɗaya ne kawai a cikin takarda. Saboda haka tambayarka ta ko ka bari ko ka ci gaba ta ɗan makara, domin ƙafarka ɗaya ta riga ta fita, kuma ta fita ta hanyar da ta fi kowace hanya asara.

Akwai wani masanin halayyar zamantakewa ɗan ƙasar Amurka, Vincent Tinto, wanda tun shekarar 1975 ya yi fice a nazarin dalilan da ke sa ɗalibai barin jami'a. Abin da ya tsaya a kai shi ne cewa igiya biyu ce take riƙe ɗalibi a makaranta. Ta farko ita ce ya ji karatun yana shiga, yana da malamin da zai iya tunkara da tambaya. Ta biyu kuwa ya kasance yana da mutane a wurin, abokan da za su san ya zo, su kuma san bai zo ba. Idan igiyoyin nan biyu suka yi rauni, ƙaramar iska ma tana ɗauke ɗalibi, idan kuma suna da ƙarfi sai ka ga yaro yana shan garin kwaki safe da dare amma bai fashi aji ba. Na ga gaskiyar wannan da idona. Sai dai mutumin nan yana magana ne a kan ƙasar da ake shiga jami'a a san ranar fita. Mu a nan muna da ƙarin abubuwan da suke tsinka igiya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ɗalibai da yawa da suka kama sana'a ko aka yi musu aure a wannan zaman jiran ba su dawo ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin kabu-kabu da na keke ya bi ta, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Kai kuma a kan duk wannan aka ɗora maka maraici da gonar da ba ta shiguwa. Don haka ba na ganin lalaci a cikin wasiƙarka, kuma kada ka yarda wani ya kira abin da wannan sunan.

Amma ka haɗa matsaloli daban-daban ka ɗaure su a dami ɗaya, shi ya sa ka ga ba za su ɗauku ba. Bari in fara kwance wadda nake ganin ta fi tsorata ka alhali ita ce mafi sauƙi, wato sakamako. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke amfani da shi, digiri mai daraja ta uku yana tsayawa a 2.39, daraja ta biyu ƙarama kuma tana farawa daga 2.40. Kai kana kan 2.20 bayan zango huɗu, saura zango huɗu. Idan nauyin kwasakwasan da suka rage ya yi kusan daidai da na baya, abin da kake buƙata a sauran zangunan shi ne matsakaicin 2.60 kacal ka tsallaka. In ma ka ci maki 50 a kowane kos daga yanzu, wato C, wadda take da maki uku, za ka fita da kusan 2.60 a jimilla. Ɗalibin da ya ci 2.20 a shekarun da mahaifinsa ya rasu kuma iyalinsa suka yi hijira, ba zan yarda cewa maki 50 ya fi ƙarfinsa ba. Kari-oba biyu kuwa, ka je ka tambayi waɗanda suke sanye da kakin bautar ƙasa a cikin garin nan, ka ji nawa ne a cikinsu ba su taɓa maimaita kos ba.

Maganar cewa ba fannin ka zaɓa ba, na ji zafinta, domin tsarinmu ne ya gaji haka. Masu neman likitanci ta hannun JAMB sun ninka guraben da ake da su sau da yawa, sai a rarraba sauran zuwa sassan kimiyya, yaro ya shekara huɗu yana karanta abin da yake kallo a matsayin ladan gaɓe. Da a aji ɗaya ka rubuto mini, da na ce ka sake rubuta jarrabawa ko ka nemi canjin sashe. Yanzu an wuce nan. Abin da zan ce kawai shi ne kimiyyar sinadarai ba fannin banza ba ne a jihar da take da masana'antar siminti a Kalambaina, da sana'ar jima da fata, da makarantun sakandare masu neman malaman kimiyya ido rufe, kuma digiri na farko yana buɗe ƙofar karatu na gaba a wasu fannonin da suka fi kusa da abin da ka so tun farko.

Kuɗi shi ne matsala ta gaske, kuma a nan na yi mamakin abin da ba ka ambata ba. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar bashin karatu, a watan Mayun 2024 kuma asusun NELFUND ya buɗe shafinsa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Bashin ba shi da kuɗin ruwa, kuma na san wannan ita ce tambayar farko da za a yi maka a gida. Ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Ana neman lambar JAMB, da lambar ɗalibi, da NIN, da BVN. Bashi ne, kuma na san tarbiyyarmu ta tsoron bashi, tarbiyya ce mai kyau. Amma bashin da zai kai ka ga kammala abin da ka riga ka kashe wa shekaru ya bambanta da bashin biki. Naira 20,000 ba za ta ciyar da gida ba, za dai ta kai ka aji ta dawo da kai. Kuɗin ba ya fitowa rana ɗaya, shi ya sa dole ka haɗa da zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ka nemi a yi maka lamuni a kan ranar rufe rajista. Ka kai takarda hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha, ka kai wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, ka bayyana cewa kai maraya ne kuma ɗan gudun hijira. Ban yi maka alkawarin za a ba ka ba, amma wanda bai kai takarda ba shi ya riga ya hana kansa. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma na lura kai mutum ne mai yawan barin abu a ciki.

Yanzu mu zo kan baffanka, wanda nake so ka sassauta fushin da na ji yana ɓoye a cikin wasiƙarka. Mutumin da ya buɗe ƙofarsa ga matar ɗan'uwansa da marayu huɗu a wannan zamani na tsadar hatsi ya cancanci a saurare shi, kuma tambayarsa ba ta wauta ba ce. Masu digiri suna kabu-kabu, ni ma na hau bayan wanda na koyar. Digiri ya daina zama takardar shiga ofis kai tsaye tun da daɗewa, duk wanda ya gaya maka akasin haka yaudararka yake yi. Sai dai ina so ka lura da wani abu. Baffanka yana da yara masu ƙarfin loda buhu, yana da direbobi, yana da dillalai. Da ya tashi neman wanda zai riƙe masa lissafi, ya duba saƙon banki, ya yi magana da abokan ciniki na kudu da Turanci, kai ya kira. Abin da yake nema a wurinka makarantar da yake rainawa ce ta ba ka shi. Ka gaya masa wannan cikin ladabi, kana durƙushe, ba a gaban mutane ba.

Sa'an nan ka dubi ita kanta sana'ar da idon basira. Albasa tana da arziki, ta yi wa mutanen Goronyo da Wurno da Gada gidaje, ta kai su Makka. Amma duk wanda ya san ta ya san cewa kaya ne mai rai. Ana sayenta da araha a lokacin kaka, a ajiye ana jiran tashin farashi, a buɗe rumbu a tarar kashi mai yawa ya ruɓe ko ya tsiro. Mota tana iya lalacewa a hanya ta kwana uku a cikin rana, a isa kasuwar Mile 12 ta Legas a tarar kaya sun yi yawa farashi ya karye. Shekara ɗaya tana ɗaga mutum, ta gaba ta zaunar da shi. A yanzu bakin mutum shida na gidanku duk a kan wannan buhun suke. Idan kai ma ka ajiye karatu ka hau kansa, ranar da kasuwa ta juya babu wani reshe da za a kama. Gonar da kuka dogara da ita an riga an nuna muku cewa ana iya raba ku da ita dare ɗaya.

Abin da nake ba ka shawara ka kai wa baffanka shi ne tayin da zai amfane ku duka. Lissafin fatauci ba ya buƙatar mutum ya kwana a kasuwa. Ka ɗauki littafinsa ka riƙa daidaita shi da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, ka karɓi aikin duba saƙonnin banki a wayarka, a lokacin hutu kuma ka bi mota zuwa kudu ka koyi hanya da mutane. Shi kuma ya yanka maka wani abu sananne a kowane mako, ko da kuɗin mota ne da na abinci. Ka sa wa abin wa'adi: shekara biyu, bayan nan kana hannunsa da digirinka. Ɗan kasuwa yana gane magana idan aka zo masa da wa'adi da lissafi. In kana jin nauyin faɗa masa da bakinka, ka nemi wani dattijo da yake jin maganarsa, limamin unguwarku ko aminin mahaifinka, ya raka ka. Na san ɗalibai da dama da suka kammala a haka, da littafin bashi a aljihu ɗaya, takardar lacca a ɗaya. Sakamakonsu bai yi ƙyalli ba, amma sun fita.

Idan kuma an yi duk wannan abin ya faskara, gidan ya kai inda dole sai ka tsaya da jikinka, to akwai ƙofar da ɗalibai da yawa ba su san da ita ba sai bayan sun yi asara. Jami'a tana ba da damar jingine karatu na zango ɗaya ko shekara ɗaya a hukumance. Ana rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a haɗa da hujja, kamar shaidar rasuwar mahaifi, a jira amincewar majalisar jami'a. Wanda ya yi haka gurbinsa yana nan yana jiransa. Wanda kuwa ya ɓace babu takarda, idan ya yi rajista za a rubuta masa faɗuwa a duk kwasakwasan da bai rubuta ba, idan bai yi rajista ba kuma bayan wani lokaci a ɗauka ya janye da kansa. Ga shi kuma kowane digiri yana da iyakar shekarun da aka yarda mutum ya yi a kansa, mai shekara huɗu yawanci ba ya wuce shida. Shekarunka 24, ko ka jingine shekara guda za ka kammala kafin ka kai 30, wadda ita ce iyakar zuwa bautar ƙasa. Ka karanta littafin dokokin ɗalibai na makarantarku da kanka, kada ka dogara da abin da aka ce an ce. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ma tana da cibiya a Sakkwato, kuma ta rufa wa ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa asiri, amma wannan magana ce ta wanda ƙofar farko ta rufe masa, kai taka a buɗe take.

Ba ni daga cikin masu cewa duk wanda ya bar jami'a ya lalace. Na san wanda ya bari a aji ɗaya domin ya gane ba wurinsa ba ne, ya kama gyaran waya, yau yana ɗaukar wasu aiki. Bambancinsa da kai shi ne shi ya fita da wuri, da shawara, zuwa ga abin da yake so. Kai ka biya rabin kuɗin kaya, kuma babu inda ake karɓar rabin digiri. Wanda ya yi shekara biyu ya bari, a takarda daidai yake da wanda ya tsaya a sakandare. Ba ka kuma ce mini kana son albasa ba, cewa ka yi ka gaji. Aski idan ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma gajiya ba ta cikin abubuwan da ake yanke hukuncin rayuwa a kansu.

Shirun mahaifiyarka kada ka fassara shi da yarda. Mace mai takaba da ta gama ta zauna a gidan ƙanin mijinta da 'ya'ya huɗu ba za ta buɗe baki ta saɓa wa mai ciyar da su ba, ko da zuciyarta tana wani wuri. Ka same ta ita kaɗai bayan sallar isha'i, ka tambaye ta abin da take so, da abin da mahaifinka yake faɗa game da karatunka. Ƙannenka ma suna kallo, kuma a gidajenmu inda babba ya tsaya nan ƙanana suke ɗauka iyaka ce.

Na bar maganar abokai zuwa nan domin ita ce ta fi kusa da ni. Ni ma a shekarata ta biyu na taɓa naɗe tabarmata na koma gida saboda kuɗi, na yi kwana goma sha biyu. Wata ranar Alhamis da azahar, cikin zafin watan Afrilu irin na garin nan, sai ga wani abokin karatuna a ƙofar zaurenmu, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana riƙe da littafin da ya kwafe mini duk laccocin da na rasa da hannunsa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya sha ruwan randa, ya ce akwai gwaji ranar Litinin, ya tafi. Kunyar wannan littafin ce ta mayar da ni. Kai ka ce babu wanda ya neme ka, kuma na yarda, amma ina tambayarka: mutum nawa ne a ajinku suka san gidanku, ko suka san mahaifinka ya rasu? Ɗalibin jeka-ka-dawo, mai shiga aji ya fita da sauri don ya kama mota, shi ne ya fi kowa saurin ɓacewa, domin bai bar wa kowa adireshi ba. Ka shiga rukunin bita na ajinku, ko wanda Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi take shiryawa a masallacin makaranta, ka zaɓi mutum biyu ka gaya musu halin da kake ciki. Waɗannan kari-oba biyu ma a irin wannan zaman ake cinye su.

Saboda haka amsata ita ce ka ci gaba, in ya gagara ka jingine da takarda. Ranar Litinin ka tashi da wuri ka je wurin malamin da yake kula da ajinku, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini ba tare da ka rage komai ba, ka tambaye shi gwaje-gwajen da ka rasa a makonni ukun nan da yadda za a yi da su. Daga ofishinsa ka wuce ofishin harkokin ɗalibai a kan maganar rajista, ka cike takardar NELFUND a ranar. Baffanka kuma ka bari sai ka dawo da abin da aka ce maka a makaranta, domin ka je masa da magana mai ƙafa. Ka sake rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda kuka yi da shi, kuma ka gaishe mini da mahaifiyarka.